Ganga Mai Ƙafa Uku

Kano,
Litinin, 7 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Kawuna, Malam Kailani Kafinta, Tudun Wada, Zariya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Ishatu da kowa na gida. Umma tana gaishe ka, ta ce in tuna maka kujerar da ka yi mata alkawari tun bara.

Kawu, sau bakwai na kira wayarka. Na san kunnen ya ƙi, na kuma san ka rantse ba ka karanta saƙon waya, shi ya sa na nemo takarda da biro kamar ɗan firamare. Sabo direba zai kawo maka ita in ya sauke fasinja a Kwangila, shi ne kuma zai karɓo amsa.

Maganar ganguna ce. Mama Suzana, matar abokinka marigayi Kefas, za ta sayar da gangunan jaz ɗinsa, duka biyar ɗin, har da farantan tagulla. 'Yarta Anita ce ta sa hotonsu a waya, ina gani na miƙe tsaye. Kawu, waɗannan jajayen na Ingila an daina yin irinsu tun ba a haife ni ba. Shekara shida ina nemansu saboda situdiyona. Na riga na kai motata kasuwa.

To ga inda gizo ke saƙar. In duka biyar ɗin na asali ne, kamfani ɗaya, shekara ɗaya, kuɗin da Mama ta faɗa bai yi yawa ba. In kuwa an yi musu haɗe-haɗe, ko da guda ɗaya ce baƙuwa a ciki, darajarsu ta faɗi kusan rabi. Hoto kuma ba ya faɗin abin da ke ciki.

Don Allah ka je ka duba mini. Ka ga tambarin kamfani da ke jikin kowace, ko an taɓa ɓamɓare shi an mayar. Ka ga notikan, ko duk iri ɗaya ne. Babban ciki, ka kwance fatar kowace ganga ka leƙa. Ta asali katakonta falle-falle ne aka manne, kuma akwai hatimin kamfani da shekara, da shuɗiyar tawada.

Kai ka yi shekara goma sha biyu kana loda kayan nan kana saukewa lokacin da su Baba Kefas suke yawon wasa. Duk Zariya babu wanda ya san su kamarka. Abin da ka ce shi zan ɗauka, ko ban gani da idona ba.

Mama za ta koma Jos ƙarshen wata, kuma akwai wani mutumin Legas da yake ta kiranta. Ba na iya zama wuri ɗaya, wallahi.

Na bar ka lafiya.
Ɗanka, Jamaluddeen.

*

Tudun Wada,
Alhamis, 10 ga wata.

Jamalu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai gwiwa. Ka ce wa uwarka kujera tana nan tafe, ta daina aiko mini 'yan saƙo kamar na ci bashinta.

Takardarka ta iso, na karanta sau biyu don in tabbatar ɗan ƙanwata ne ya rubuto, ba wani taɓaɓɓe ba. Mota za ka sayar ka sayi ganga? In matarka ta tashi haihuwa, a kan gangar za ka kai ta asibiti? Kai dai tun kana yaro haka kake, in ka ƙyalla ido a kan abu sai kowa ya rasa sukuni. Sauri ya haifi nawa, Jamalu.

Ni kafinta ne, ɗan masassaƙi. Me na sani game da hatimin Turawa? Ɗauka na yi, ban karanta ba. Kuma aiki ya sha mini kai, akwai ƙofofi huɗu da ake jira a Gyallesu, mai su kullum yana bakin shagona yana motsa baki, ni ko ba na jin abin da yake faɗa, Alhamdu lillahi.

Sannan wannan magana ta kwance fata, ka bar ta. Tsohuwar ganga ba a kwance ta don leƙe. Notin da ya shekara hamsin a zaune, ka sa masa sifana ya karye, a ina za ka samo wani? Ka je Sabon Gari ka sayi sababbi a kwali, da takardarsu, babu mai ce maka komai.

Kefas kam ya buga su, ba ƙarya. In ya zauna a bayansu a filin rawa, har masu sayar da tsire barin wuta suke yi su matso. Kunnen nan nawa a gindin lasifikarsu na baro shi, ban kuma yi da-na-sani ba. Amma mai su ya tafi. Ka bar kayan mutum su huta.

Zan duba in na samu sarari. Ban ce na yi alkawari ba.

Ka gaishe da iyali.
Kawunka, Kailani.

*

Kano,
Asabar, 12 ga wata.

Kawu,

Assalamu alaikum, da fatan gwiwa ta yi sauƙi.

Ka yi mini afuwa, amma ban gane ba. Daga shagonka zuwa gidan Mama Suzana layi uku ne. Sabo ya ce ranar da ya kawo maka takarda a kan benci ya same ka kana kaɗa ƙafa, babu ƙofa ko ɗaya a shagon. Kai da ka taɓa tafiya Tudun Jukun a ƙasa don kawai ka duba wa wani katakon gado?

An sayi motar jiya. Yanzu Keke Napep nake hawa, kuɗin suna zaune, ni kuma na kasa zama. Mutumin Legas ya ce wa Mama zai turo yaronsa sati mai zuwa. Mama ta ce ta fi so kayan su zauna a hannun na gida, za ta jira ni har Asabar ta sama, daga nan ba ta da ta cewa.

In ba za ka je ba ka faɗa mini. Ranar Asabar ɗin zan taho da sifana da tocila in kwance su da kaina, ko da zan yi ɓarna. Amma idonka nake so, Kawu, ba nawa ba. Ko akwai abin da ka sani ne?

Ɗanka, Jamaluddeen.

*

Tudun Wada,
Talata, 15 ga Oktoba.

Malam Kailani,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, kai da Ishatu. Allah ya ƙara lafiya.

Abin kunya ne a ce muna unguwa ɗaya sai na rubuta maka takarda, amma yaya zan yi? In na yi magana ba ka ji, in na tunkaro ka ka sha kwana. Shekara talatin ina koyar da yara, na san tafiyar mai gudun makaranta in na gan ta.

Jiya da hantsi na gan ka ta taga. Ka zo har bakin ƙofata da sifana a hannu, ka tsaya kana kallon ƙyaure kamar kai za ka saya, sannan ka juya. Shekaranjiya ma bayan mun taso daga coci an ce ka zo ka juya. Kare nake ajiyewa? Tun ranar da muka binne Kefas, shekara biyu ke nan, ƙafarka ba ta taka falona ba. Na yi shiru ne saboda kowa da irin nasa makoki.

Bari in gaya maka abin da ya sa nake sayarwa, kada ka ɗauka na gaji da kayan mijina. Anita ta matsa in koma wurinta, ƙafafuna ba sa iya aikin gida ni kaɗai. Ni kuma ba zan je in tare a falon suruki ina naɗe katifa kullum da safe ba. Akwai fili a bayan gidansu. Ɗaki ɗaya da banɗaki nake so, da ƙofata da makullina. Magini ya yi lissafi, kuɗin gangunan nan ne daidai, ba ragi. In sun ragu, ɗakin ya ragu.

Na faɗa wa yaron nan Jamalu duka na asali ne, domin a haka Kefas ya saye su a hannun wani Bature, tun kafin aurenmu. Amma ya ce sai ya ji daga bakinka, kuma yana da gaskiya, kuɗi ba ganye ba ne. Ka zo ka duba ka sallame mu.

In za ka zo ka zo da ƙarfinka. Jiya na goge su, huɗu na jawo su da kaina, amma wannan mai ƙafa ukun da ke tsayawa a hannun daman Kefas nauyi gare ta kamar turmi. Ita ce kuma kullum take warin man kaɗe, ban san dalili ba.

Ina jiranka. Akwai kunun zaƙi.

Taka, Maman Anita.

*

Tudun Wada,
Alhamis.

Jamalu,

Salamu alaikum. Zauna ka karanta wannan, kada ka karanta a tsaye.

Ka tambaye ni ko akwai abin da na sani. Akwai. Kwana goma ina zagaye unguwar nan kamar kazar da za ta yi ƙwai, Innarka har ta ce ko in je asibiti. In na ce maka duka na asali ne, na cuci ɗan ƙanwata da ya sayar da motarsa a kan maganata. In na faɗi gaskiya, na rushe wa matar amini ɗakinta. Gaba kura, baya sayaki.

Huɗu na asali ne, ko a gaban alƙali zan faɗa. Ta biyar, mai ƙafa uku, jar rigar da aka manna mata ta Ingila ce, ƙarafunta na Ingila ne, tambarinta na Ingila ne. Icen ciki kuwa ni na sassaƙa shi.

A 1979 ne, satin da Kefas ya tafi ɗaurin aurensa. Ya ba ni amanar kayan, wani ya riƙe masa kiɗa, muka je wasa Funtuwa. A dawowa na ɗaure kaya a saman mota, kuma ganganci na yi, igiya ɗaya na zarga maimakon biyu, don ina sauri. Muna shan kwanar Kwangila mai ƙafa ukun ta sulluɓo ta daki kwalta. Da na ɗaga ta, katakon ya tsage daga sama har ƙasa, ina iya zura hannu. Ƙarafun da jar rigar ne kawai suka tsira. Direban kaɗai ya gani, shi ma ya daɗe da rasuwa.

Ka san abin da gangunan nan suke a wurin Kefas? Shekara huɗu yana tara kuɗinsu, takalmi ɗaya gare shi. Ni kuma in tare shi da wannan labari yana ango? Ban iya ba.

Kakanka yana da wani gungumen alilliba da ya ajiye shekara biyu yana bushewa, zai yi wa wani makaɗi ganga. Na sace shi. Kwana tara ina fafe shi da gizago a bayan gida, ina gwadawa da zoben ƙarfen, ina ragewa, har tafin hannuna ya fashe. Na ɓare jar rigar a hankali da ruwan zafi na manna a kan sabon icen, na huda ramukan noti, na mayar da tambari. Da na gama sai hannu ya yi abin da ya saba, na shafe cikin da man kaɗe kamar yadda muke yi wa kalangu don kada ya tsage. Wane Bature ne yake shafa wa ganga man kaɗe? Sai da na ɗaure fata na tuna. Kakanka da ya nemi icensa ya rasa, wata guda bai amsa gaisuwata ba.

Kefas ya dawo, ya zauna, ya buga. Ni ina can bayan lasifika ina jiran ya gane. Bai ce komai ba. Na ce gobe zan faɗa masa. Goben nan ce ta kai shekara arba'in da biyar. Ya raɗa wa 'yarsa suna ina wurin, na aurar da tawa yana wurin, na ɗauki akwatin gawarsa, wanda ni na ƙera shi, duk ban faɗa ba. Falon nan kuwa da na daina shiga, ai tana tsaye a ciki ne tana kallona.

Yanzu Maman Anita ta rubuto mini wai har yau tana warin man kaɗe. Man da na shafa tun ina saurayi! Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

In ka kwance ta ba za ka ga falle ba, ba za ka ga hatimi ba, sawun gizago za ka gani. Kada ka biya kuɗin biyar. Kuma kada mutumin Legas ya biya, shi ma ɗan wani ne.

Ka karanta wa Maman Anita wannan takarda ranar Asabar. Ni ba zan iya kallon idonta ba. Duk abin da ta ce in yi, zan yi.

Kawunka, Kailani.

*

Kano,
Juma'a, 18 ga wata.

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na karanta a zaune, na ƙarasa a tsaye.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba, shekara shida nake mafarkin cikakkun biyar. Kuma ka bar ni da aiki mafi wuya, ni ne zan zauna gaban tsohuwa in gaya mata ɗakinta ya ragu. Na yi tunanin in yaga takardar in biya ta yadda ta faɗa. To amma ba ni da wannan ƙarfin, kuma in ta ji daga baya ba za ta yafe mana ba, mu biyun.

Gobe zan shigo motar farko. In ka canza shawara, ƙarfe goma ina gidan.

Ɗanka, Jamaluddeen.

*

Tudun Wada,
Lahadi, 20 ga Oktoba.

Malam Kailani,

Gaisuwa. Ban ce mai yawa ba, don har yanzu ina fushi.

Jamalu ya zo jiya, ba ka zo ba. Ya fara karanta mini takardarka yana in-ina, na karɓe na karanta da kaina. Na kira ka sunaye da yawa, ka gode wa Allah da ya toshe maka kunne. Sannan na ce ya kwance su duka, ina so in ga abin da aka yi shekara arba'in da biyar ana ajiye mini a falo.

Huɗu kamar yadda ka ce, ga falle, ga shuɗin hatimi. Da ya zo kan mai ƙafa uku sai na tuna wani abu. Duk gangunan nan, in fata ta mutu, kowa yana iya canzawa, har yaran coci Kefas ya sha bari su yi. Ban da wannan. Ita sai ya ɗauke ta ya shiga ɗaki ya tura ƙofa. Na ɗauka ɗaya ce daga cikin rigimarsa ta makaɗa.

Notikan ba su yi gardama ba ko kaɗan. Jamalu ya ɗaga fata ya haska tocila, ga sawun gizagonka nan rututu. Cikin kuwa sai sheƙi yake, mai ya ratsa shi har ya yi duhu. Malam Kailani, kai da hankalinka, man da ka shafa a 1979 ne zai yi wari har bana? Tun ina amarya man kaɗena yake ƙarewa ba dalili. Na zargi ƙanwata, na zargi Anita, har na taɓa canza wa kwalbar wuri. Ashe ɓarawon yana kwance a gadona.

Sai Jamalu ya ce, Mama, akwai rubutu. A daidai inda sauran suke da hatimin kamfani, an ƙona ice da ƙusa mai zafi. Hannun Kefas ne, ko a mafarki na san yadda yake karkata harafi. Ga abin da ya rubuta, ban ƙara ban rage ba:

“Aikin Kailani, Tudun Wada, 1979. Kada a gaya masa na sani.”

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Kai ka yi shiru don kunya, shi ya yi shiru don kada ka ji kunya, ni kuka bari ina goge ƙura ban san komai ba. Maza dai!

To ga yadda muka yi. Na kira mutumin Legas na gaya masa gaskiya, bai bari na kai aya ba ya kashe waya. Jamalu ya sayi huɗu da farantan, a kan kuɗin da ya dace da huɗu. Da ya mayar da fatar ta biyar ya buga ta sau ɗaya, sai ya fara roƙona in haɗa masa da ita, wai duk cikinsu babu mai muryarta. Na ce ba tawa ba ce balle in sayar.

Banɗaki zai jira baɗi, ka sani, kuma ya yi mini ciwo. Ka ce duk abin da na ce za ka yi. To ƙofa ɗaya, taga biyu da katakon rufi suna wuyanka, kuma ban yarda da igiya ɗaya ba in za a ɗaure su a mota.

Gangarka tana nan inda take. Ba zan aiko maka da ita ba, ba zan ba Sabo ba. Jamalu zai dawo ranar Talata da motar kwasar nasa. Ka zo ka shigo ta ƙofa kamar mutum, ka ɗauki kayanka. Ranar Alhamis ta sama nake tafiya.

Maman Anita.

*

Tudun Wada,
Litinin.

Maman Anita,

Na gode. Allah ya jiƙan maza.

Ki sa Anita ta aiko da awon ƙofa da tagogin, na riga na ware katako.

Gobe da hantsi ina tafe, kuma zan shigo. Alfarma ɗaya nake roƙo. Kafin in ɗauke ta, ki ce wa Jamalu ya zauna ya buga ta da kyau, yadda mai ita yake yi. Kunne ya tafi, amma zan dafa ta da tafin hannu. Tun ranar da na sassaƙa ta, duk lokacin da aka buga ta ina can bayan lasifika ne, ban taɓa tsayawa kusa ba.

Kailani.